Me Ya Sa Ingila Ta Ci Gaba da Ƙera Jiragen Yaƙi na Katako Har Zuwa 1861?

Wani ɗan'uwa mai sha'awar tarihin yaƙin teku ya aiko da tambaya cewa ya ga hoton wani katafaren jirgin yaƙi na Ingila, jikinsa duk katako ne, a samansa ga ginshiƙai uku ɗauke da manyan ƙyallayen da iska ke turawa, amma kuma ga bututun hayaƙi a tsakiyarsa. Yana so ya san dalilin da ya sa aka haɗa inji da ƙyallaye a jirgi guda, da dalilin da ya sa aka ci gaba da amfani da katako alhali an riga an iya ƙera jirgin ƙarfe, sannan waɗanne ne jirage na ƙarshe a wannan jinsi, kuma ina suka ƙare.

Malam, jirgin da ka gani yana cikin wani rukuni da zamaninsa bai wuce shekara goma sha biyar zuwa ashirin ba, wato daga wajen 1850 zuwa 1870. Mutane da yawa suna ɗaukar waɗannan jirage a matsayin shaidar taurin kan tsofaffin hafsoshin ruwa waɗanda suka ƙi karɓar sabon abu. Ni ban yarda da wannan fassara ba. Idan aka dubi irin injin da ake da shi a lokacin, da irin ƙarfen da maƙera ke iya samarwa, da nisan wuraren da ake aika jiragen, za a ga cewa haɗa katako da ƙyalle da tururi shi ne mafi dacewa da hankali a shekarun, har zuwa ranar da aka iya lulluɓe jirgi da sulken ƙarfe. Daga wannan rana kuwa lamarinsu ya rushe cikin sauri.

Rundunar sojojin ruwan Ingila ta fara amfani da injin tururi tun cikin shekarun 1820, amma jiragen farko duk masu manyan ƙafafun filafilai ne a gefe da gefe, waɗanda ke juyawa suna dukan ruwa. Wannan tsari yana da aibi biyu a wurin yaƙi. Ƙafafun suna cinye tsakiyar gefen jirgi, daidai inda ya kamata a jera igwa, kuma a fili suke, harbi ɗaya mai kyau ya isa ya gurgunta jirgin. Saboda haka babu wanda ya yi tunanin sa su a babban jirgin da zai shiga sahun daga. Farfela ce ta warware matsalar, domin tana can ƙarƙashin ruwa a bayan jirgi, injinta kuma ana iya kwantar da shi a ƙasan jirgin inda harsashi ba ya kaiwa da sauƙi. A 1845 aka yi gwajin da ya shahara, aka ɗaure jirage biyu masu kusan girma ɗaya baya da baya da igiya, Rattler mai farfela da Alecto mai ƙafafun filafilai, kowanne ya ba da wuta iya ƙarfinsa, sai Rattler ya ja abokinsa da baya. Gaskiyar magana hukumar rundunar ta riga ta karkata ga farfela kafin wannan rana, gwajin dai ya taimaka wajen gamsar da jama'a da 'yan majalisa.

Faransa ce ta fara fito da babban jirgin daga wanda tun daga zanensa aka tsara shi da inji. Wani matashin injiniya mai suna Dupuy de Lôme ne ya zana shi, aka saukar da shi ruwa a Toulon a watan Mayun 1850, mai igwa 90, aka sa masa suna Napoléon. Yana iya gudun kilomita 22 zuwa sama a awa ɗaya ba tare da taimakon iska ba. Wannan ya tayar da hankalin Landan ƙwarai, domin tsaron Ingila na ɗaruruwan shekaru ya dogara ne a kan cewa abokin gaba ba zai iya tsallako mashigin da ke tsakaninta da Faransa ba sai iska ta ba shi dama. Amsar Ingila ita ce Agamemnon, mai igwa 91, wanda aka saukar a Woolwich a watan Mayun 1852. Daga nan aka shiga rige-rige. Kafin a tsaya, Ingila ta ƙera sababbi 18 ta kuma sa wa tsofaffi 41 inji, Faransa ta ƙera sababbi 10 ta juya tsofaffi 28. Rasha da Daular Usmaniyya ta Turkawa da Ostiriya da Denmak da Suwidin sun mallaki 'yan kaɗan, amma ainihin gasar ta ƙasashen nan biyu ce.

Juya tsohon jirgi ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai wani mai hawa uku na igwa da ake ginawa a Pembroke da sunan Windsor Castle, wanda aka tsaga gangar jikinsa aka ja sassan nesa da juna, aka cike giɓin da sabon katako na kusan mita tara domin a sami wurin inji da tukwanen tururi. An saukar da shi ranar 14 ga Satumban 1852, ranar da fitaccen janar na Ingila Duke na Wellington ya rasu, shi ya sa aka sauya masa suna zuwa Duke of Wellington. Yana ɗauke da igwa 131, kuma shi ne jirgin kwamanda a rundunar da aka tura Tekun Baltik a 1854.

Game da dalilin barin ƙyallaye, amsar tana cikin rumbun kwal. Injinan wannan zamani suna amfani da tururi sau ɗaya ne su sake shi, matsin tukwanensu kuma kaɗan ne, saboda haka suna lamushe kwal mai yawa kafin su ba da ɗan ƙarfi. Babban jirgi da ya cika rumbunsa, idan ya ba da wuta sosai, kwanaki kaɗan zai yi kwal ya ƙare. Jirgin da aka tura daga Ingila zuwa Sin ko Kudancin Amurka ko gaɓar Afirka ta Yamma zai yi watanni a hanya, kuma tashoshin ɗaukar kwal ba su yawaita ba tukuna, mashigin Suwez ma sai a 1869 aka buɗe shi. Ga tsadar kwal ɗin idan an kai shi nesa, ga lalacewar inji wadda ba ta da wuya a lokacin. Don haka ƙa'idar aiki ita ce a yi doguwar tafiya da iska, a ajiye inji domin shiga tasha da fita, da lokacin da iska ta kwanta, da ranar yaƙi. Hukumar kanta tana bin diddigin yawan kwal da kowane kyaftin ya ƙona.

Wannan ya sa aka tsara jiragen ta yadda inji ba zai hana tafiyar iska ba, kuma dabarar da aka yi tana da ban sha'awa idan aka dube ta kusa. Farfelar yawancinsu fuka-fuki biyu gare ta, tana zaune cikin wani firam na ƙarfe. A saman ta, a ƙarshen jirgin, an bar wani rami kamar rijiya da ya hau har daɓen sama. Idan kyaftin ya ga iska ta yi kyau, sai a tsayar da inji, a daidaita fuka-fukan a tsaye, a raba farfelar da sandar da ke juya ta, sannan matuƙa su yi layi a kan igiya su ja, har farfelar mai nauyin tan da yawa ta fito daga ruwa ta shige ramin. Bututun hayaƙi kuma an yi shi gaɓa-gaɓa, ana tura shi ƙasa ya shige cikin kansa domin kada ya tare babban ƙyallen tsakiya. Cikin ɗan lokaci jirgin tururi ya koma jirgin iska, wanda mai hangensa daga nesa ba zai bambanta shi da na zamanin Nelson, shahararren kwamandan ruwan Ingila a lokacin jiragen iska zalla, ba. Wannan aiki da na hawa ginshiƙai da na harba igwa shi ya sa irin wannan jirgi yake ɗaukar mutum ɗari takwas zuwa dubu.

Batun katako ya fi wannan sarƙaƙiya, domin gaskiya ne cewa 'yan kasuwa sun riga sun fara ƙera manyan jiragen ƙarfe, kuma rundunar kanta ta ba da odar wasu a shekarun 1840. Abin da ya faru shi ne an yi gwaje-gwaje, musamman na 1850 a Portsmouth, inda aka harbi wani bango da aka yi daidai da gefen jirgin ƙarfe mai suna Simoom. Sakamakon ya tsorata kowa. Dunƙulen ƙarfen da igwa ta harbo yana farfashewa idan ya bugi farantin, farantin ma ya tsattsage, ɓaraguzan duka biyu su watsu cikin jirgin su yi wa mutane raga-raga. Katako mai kauri kuwa yana shanye dunƙulen, ko ya bar rami zagayayye wanda kafinta zai iya toshewa da turke a tsakiyar yaƙi. Baƙin ƙarfen wannan lokaci ba shi da tabbas, wani farantin yana da kyau wani kuma yana da gautsi, musamman a cikin sanyi. Sai aka cire jiragen ƙarfen daga sahun yaƙi aka mayar da su masu jigilar sojoji. Injin Simoom ɗin ma shi aka cire aka sa wa Duke of Wellington.

Akwai wasu dalilai biyu da ba a cika ambata ba. Jirgin katako ana lulluɓe ƙasansa da farantan jan ƙarfe, waɗanda ke hana tsutsar ruwa cinsa kuma suna hana ciyawa da ƙananan halittu manne masa. Ba a iya yin haka kai tsaye a jikin baƙin ƙarfe, domin haɗuwar ƙarafan biyu a ruwan gishiri tana cinye baƙin ƙarfen. Jirgin ƙarfe da ya yi 'yan watanni a ruwa mai ɗumi sai ƙasansa ya cika da datti, gudunsa ya ragu, kuma babu wurin da za a fitar da shi a kankare sai an dawo gida. Na biyu, ƙarfe yana rikita allurar nuna alƙibla, kuma an ɗauki shekaru kafin a gano yadda za a gyara wannan yadda ya kamata. Wanda ya haɗa waɗannan duka zai ga cewa a 1852 zaɓen katako ba wauta ba ne.

Amma auren katako da inji bai taɓa zama lafiya lau ba. Injin yana da nauyi kuma nauyin a wuri ɗaya ya taru, girgizar farfela tana sassauta haɗin katakai a ƙarshen jirgi, wanda dama ramin ɗaga farfela ya riga ya raunana shi. Zafin tukwane da danshi suna gaggauta ruɓewar itace. Sandar farfela kuma tana cinye bututun da take juyawa a ciki, har ruwa ya riƙa shigowa, sai da injiniya John Penn ya gano a 1854 cewa idan aka jera sassan wani itace mai tsananin tauri da maiƙo daga yankin Karibiyan a cikin bututun, ruwan teku da kansa zai zama man shafawarsa. Wannan ƙaramar dabara ta ceci farfela daga babbar matsala, kuma an ci gaba da amfani da ita fiye da shekara ɗari. Wuta kuwa ta ci gaba da zama babbar barazana ga duk jirgin da ke cike da kwalta da igiyoyi da albarushi, kamar yadda aka gani a ƙarshen 1864 lokacin da Bombay ya kama da wuta a kusa da Montevideo ya ƙone ƙurmus, mutane da dama suka halaka.

Yaƙin Kirimiya, wanda Rasha ta gwabza da Daular Usmaniyya da Ingila da Faransa, shi ne ya gwada waɗannan jirage, kuma darussansa guda uku ne masu karo da juna. Na farko ya zo tun kafin Ingila da Faransa su shiga yaƙin, ranar 30 ga Nuwamban 1853, lokacin da rundunar Rasha ƙarƙashin Nakhimov ta afka wa jiragen Daular Usmaniyya a tashar Sinop. Rashawa sun yi amfani da harsashi mai fashewa, irin wanda hafsan Faransa Paixhans ya yi ta tallatawa tun shekarun 1820, jiragen Turkawa suka ƙone, mutum kusan 3,000 suka rasa rayukansu, jirgi ɗaya mai inji ne ya tsere ya kai labari Istambul. Sau da yawa ana cewa Sinop ce ta kashe jirgin katako, amma wannan ya yi gaggawa, domin manyan jiragen daga ne suka far wa ƙanana waɗanda ke tsaye a kan anga, kuma ko da tsohon dunƙulen ƙarfe aka yi amfani sakamakon ba zai bambanta sosai ba. Darasi na biyu ya zo ranar 17 ga Oktoban 1854 a gaban ganuwar Sebastofol, babbar tashar jiragen yaƙin Rasha a Kirimiya. Agamemnon ya shiga kusa da ganuwar da ƙarfin injinsa, ya sha duka sosai, ya kuma fito da kansa, alhali jiragen da ba su da inji sai da aka ɗaure musu ƙananan jiragen tururi a gefe suna jan su, wasunsu kuma suka fito da mummunar ɓarna. Kowa ya fahimci cewa jirgin daga marar inji ya gama aiki. Na uku ya zo bayan shekara guda cif, a Kinburn, inda Faransa ta kawo wasu jirage uku masu faɗi, marasa kyan gani, masu tafiyar hawainiya, amma an lulluɓe su da farantan ƙarfe masu kaurin kusan santimita 11. Sun tsaya gaban sansanin Rasha, harsasai suna bugunsu suna faɗawa ruwa. Wannan shi ne darasin da ya yanke hukunci, ko da yake an ɗauki 'yan shekaru kafin a san yadda za a ɗora irin wannan nauyi a jirgin da zai iya ratsa babban teku.

A waɗannan 'yan shekaru ne aka ƙera jirage mafi girma a jinsin. A 1858 an gano cewa Faransa ta kamo Ingila a yawan manyan jiragen tururi da suke shirye, sai hankali ya sake tashi, aka zuba kuɗi a ma'aikatu. Mutumin da ke kula da ƙirar jiragen rundunar daga 1848 zuwa 1861, Sir Baldwin Walker, wanda ya taɓa yi wa Daular Usmaniyya aiki a rundunarta, yana da matsayi bayyananne: ƙasar da ta fi kowa yawan jirage ba ta da amfanin fara sauyin da zai mayar da jiragenta tsofaffin yayi, amma da zarar wata ƙasa ta fara, wajibi ne a bi ta a wuce ta. A ganina wannan lissafi ne mai kyau ga ƙasar da ta fi kowa masana'antar ƙarfe, domin ta san ko an riga ta farawa za ta iya cim ma mai gaba. Kuskuren da za a iya ɗora masa shi ne na ci gaba da ba da odar jiragen katako bayan an riga an san Faransa tana gina jirgi mai sulke a Toulon, amma shi ma yana da hujja, tunda babu wanda ya tabbatar tukuna cewa jirgi mai sulke zai jure wa teku.

Victoria, mai hawa uku da igwa 121, an saukar da shi a Portsmouth ranar 12 ga Nuwamban 1859. Nauyinsa ya kusa tan 7,000, wato kusan ninki biyu na Victory na Nelson, mutum dubu ke aiki a cikinsa, kuma an ƙarfafa cikinsa da dogayen maɗauran ƙarfe da aka gicciya domin katakon ya iya ɗaukar kansa. Ɗan'uwansa Howe ya biyo baya a Pembroke a watan Maris na 1860, amma ban da gwaji bai taɓa fita aikin teku ba. Na ƙarshe duka shi ne Defiance, mai igwa 91, wanda aka saukar a Pembroke a watan Maris na 1861, shi ma bai taɓa shiga runduna ba.

Waɗannan maɗauran ƙarfe suna nuna cewa katako ya kai iyakarsa tun kafin sulke ya zo. Duk maginin gargajiya a ƙasar Hausa ya san cewa azara tana da iyakar faɗin da za ta iya ɗauka, idan ɗaki ya wuce nan sai ta lanƙwasa, dole a nemi wata dabara irin ta bakan gizo. Haka jirgin katako yake, domin an haɗa shi ne da dubban guntaye, kuma idan ya yi tsawo da yawa sai goshinsa da bayansa su riƙa sunkuyawa, tsakiya ta tashi, haɗe-haɗen su buɗe. Shi kuwa inji mai ƙarfi da igwa mai nauyi tsawo suke bukata. Ingila ta gwada ƙetare wannan iyaka a 1858 da jirage biyu, Mersey da Orlando, waɗanda aka yi domin amsa manyan jiragen Amurka irin su Merrimack. Tsawonsu ya kai kusan mita ɗari, suna da gudu da manyan igwa, amma jikinsu bai jure ba, suka riƙa yoyo, kuma ba su yi dogon aiki ba aka farfasa su a shekarun 1870. Ga kuma ƙarancin itacen kansa. Babban jirgi ɗaya yana cin dubban itatuwa da suka shekara ɗari suna girma, dole kuma a bar katakon ya bushe na shekaru. Dazukan Ingila sun kasa, ana shigo da katako daga Italiya da Indiya da Bama, har da wani itace mai tauri daga Saliyo.

Kwana goma sha biyu bayan saukar da Victoria, Faransa ta saukar da Gloire, wanda shi ma Dupuy de Lôme ne ya zana shi. Jikinsa katako ne, igwansa 36 kacal a hawa ɗaya, amma yana sanye da sulke mai kaurin santimita 12 wanda igwan wannan lokaci ba sa iya hudawa. Ingila ta amsa da Warrior, wanda aka saukar a bakin kogin Thames ranar 29 ga Disamban 1860, jikinsa duk ƙarfe, nauyinsa sama da tan 9,000, gudunsa kilomita 26 a awa. Matsalar farfashewar ƙarfe an magance ta da sulke mai kaurin santimita 11 wanda aka jingina a kan katakon tik, wani itace mai tauri, mai kaurin kusan santimita 46. Yana da kyau a lura cewa Warrior ma yana da ginshiƙai uku da ƙyallaye da farfelar da ake ɗagawa. Sulke ya kori katako daga sahun daga, amma bai taɓa ƙyalle ba, domin matsalar kwal tana nan.

Jiragen katakon da ke kan gini a 1861 an tsayar da aikinsu. Wasu an wargaza su, wasu kuma, irin su Royal Oak da Prince Consort da Caledonia da Ocean, an rage musu hawa ɗaya aka sa musu sulke, suka yi aiki na shekaru. Royal Sovereign, mai hawa uku, an yanke shi har kusa da ruwa aka ɗora masa hasumiyoyin igwa masu juyawa irin na Kyaftin Cowper Coles. An ma ƙera sababbi biyu na katako masu sulke domin a cinye tarin katakon da ke ajiye, sai ɗayansu, Lord Clyde, wanda aka yi da itacen da bai bushe ba, ya ruɓe har aka sayar da shi a 1875.

Shaidar fagen fama ta zo daga wasu ƙasashe. Ranar 8 ga Maris na 1862, a yaƙin basasar Amurka, jirgi mai sulke Virginia, wanda aka gina a kan ragowar Merrimack ɗin nan, ya tunkuyi Cumberland ya nutsar da shi, ya kuma ƙone Congress, a yini ɗaya. Amma a Lissa, ranar 20 ga Yulin 1866, jirgin katakon Ostiriya mai suna Kaiser ya kutsa cikin jiragen Italiya masu sulke, ya tunkuyi ɗaya daga cikinsu, ya rasa ginshiƙinsa na gaba da bututun hayaƙinsa, wuta ta kama shi, duk da haka ya fita da kansa. Wannan ya nuna cewa jirgin katako mai jarumin kyaftin yana iya tsira, amma bai nuna yana iya cin nasara ba, tunda abin da ya tunkuya bai nutse ba. Victoria ya yi aiki a matsayin jirgin kwamanda a Bahar Rum daga 1864 zuwa 1867, saboda yana da yalwar wurin zama ga kwamanda da ma'aikatansa, ya kuma fito a faretin jiragen da aka yi wa Sarkin Daular Usmaniyya Abdul'aziz a Spithead a Yulin 1867, sannan aka ajiye shi. Babban jirgin daga na katako na ƙarshe da ya yi cikakken aikin teku shi ne Rodney, wanda ya dawo daga gaɓar Sin aka sallame shi a 1870.

Ƙananan jiragen katako sun fi manyan daɗewa, kuma su ne suka shafi tarihinmu. Aikinsu sintiri ne a gaɓoɓi masu nisa, da tare jiragen fataucin bayi, da tilasta wa sarakunan bakin teku bin abin da Landan ke so, kuma wannan aiki ba ya bukatar sulke. Jiragen tururi ne suka yi wa Legas luguden wuta a Disamban 1851 aka kori Sarki Kosoko aka mayar da Akitoye kan sarauta. A Agustan 1861 kuma, lokacin da aka matsa wa Sarki Dosunmu ya sa hannu a takardar miƙa Legas, jirgin da ke tsaye da igwansa a gaban garin shi ne Prometheus, na katako mai ƙafafun filafilai, ƙirarsa ɗaya da Alecto ɗin da aka ja da baya a 1845. Jirgin da ya zama tsohon yayi a Turai ya isa ya sauya makomar gari a gaɓarmu. John Glover, wanda ya tara Hausawa a Legas a 1863 ya kafa rundunar da sojojin Nijeriya ke ɗauka a matsayin tushensu, shi ma hafsan wannan rundunar ruwa ne.

Jiragen yaƙi na katako zalla masu ƙyalle da inji na ƙarshe da aka ƙera wa rundunar su ne rukunin Amethyst, guda biyar, waɗanda aka saukar a 1873 da 1874. Amethyst ya yi aiki a gaɓar Gana ta yau lokacin yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Ranar 29 ga Mayun 1877 kuma, shi da wani babban jirgi marar sulke mai suna Shah suka yi arangama da Huáscar, ƙaramin jirgi mai sulke na ƙasar Peru wanda 'yan tawaye suka ƙwace. Sun same shi da harbi da dama ba tare da sun yi masa lahani mai tsanani ba, da dare ya yi kuma ya sulale. Bayan wannan Ingila ta riƙa tura jirgi mai sulke ya jagoranci rundunarta ta wannan yanki.

Ƙyallaye sun bi baya a hankali. A Satumban 1870 jirgin Captain, wanda ya haɗa hasumiyoyin igwa masu nauyi da cikakkun ƙyallaye a kan gangar jiki mai kusa da ruwa, ya kife cikin guguwa a gaɓar Sifen, daga mutum kusan 500 mutum 18 kaɗai suka tsira, Coles da ya tsara shi yana cikin waɗanda suka mutu. A 1873 aka kammala Devastation, babban jirgin yaƙi wanda ba shi da ƙyalle ko ɗaya. Injinan da ke amfani da tururi sau biyu, daga baya sau uku, sun rage cin kwal sosai, tashoshin kwal kuma suka yawaita a hanyoyin teku. Ga ƙananan jirage an koma wata ƙira ta tsaka-tsaki, haƙarƙari na ƙarfe, bango na katakon tik, ƙasa lulluɓe da jan ƙarfe. Gannet na 1878 irin wannan ne, kuma ya yi aiki a Bahar Maliya, inda a 1888 ya harba igwansa a kan mayaƙan Usman Digna da suka kewaye Sawakin a Sudan.

Manyan jiragen kuwa yawancinsu sun ƙare a tsaye a tashoshi, an cire musu inji an yi musu rufi, sun zama makarantu da barikoki. Agamemnon, wanda ya taimaka wajen shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin Tekun Atlantika a 1858, an sayar da shi a 1870. Victoria an farfasa shi a 1893, Duke of Wellington a 1904. Howe ya zama makarantar horar da yara matuƙa da sunan Impregnable, aka sayar da shi a 1921, kuma katakonsa yana cikin ginin kantin Liberty da ke Landan. Defiance ya zama makarantar koyar da makaman ƙarƙashin ruwa a Devonport daga 1884, aka sayar da shi a 1931. Babu ko ɗaya daga cikin manyan jiragen daga na katako masu inji da ya rage a yau, na Ingila ko na Faransa. Idan kana so ka ga mafi kusa da abin da ke cikin hotonka, sai ka nemi Jylland na ƙasar Denmak, jirgin katako mai farfela da aka saukar a 1860, wanda ya yi yaƙi a Heligoland a 1864, yana nan a garin Ebeltoft. Warrior yana Portsmouth, Gannet kuma yana Chatham, kuma duka ukun a buɗe suke ga masu ziyara.